Ƙaramin Yatsan Hansai

A unguwar bayan kasuwa a Wudil, in mace ta haihu, Hansai ake aika wa. Ba ita ke karɓar haihuwa ba, wannan aikin wata ne. Nata aikin wankan jego. Safe da yamma ana dafa ruwa a babbar tukunya har ya tafasa, a juye a kwatarniya, ita kuma ta zo ta sirka, ta tsoma kan yatsunta uku ta ji, sannan ta ɗauki damin ganyen runhu ta fara fyaɗa wa mai jego. In ta ce ruwa ya yi, to ya yi. Mai jego ta yi ta ihu, ba mai kula ta, don ba a taɓa yin mai jegon da ba ta yi ihu ba.

An san Hansai da jure zafi, kuma a 'yan shekarun nan sunanta ya ƙara fita. Ruwan da wata ba za ta kai hannu kusa da shi ba, ita sai ta tsoma yatsu ta bar su a ciki tana hira. Mata suka ce wankanta shi ne wanka, wadda ta yi wa sanyi ba ya shigarta, ba ta kumburi. Ita ma ta yarda da haka.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba, hannuwan kan tashe ta kafin asuba suna zugi kamar ana tsira musu ƙaya, sai ta yi ta yarfe su kafin su lafa. Allura ta daina zama tsakanin yatsunta. Moɗa takan suɓuce mata. Ta ce sanyi ne da shekaru.

Shekarar da aka ba ma'aikata kuɗin Udoji, Hansai ta ƙona Talatu, matar Ya'u mai gyaran babur.

"Inna Hansai, wallahi ya yi zafi!"

"Haka kowa ke cewa. Tsaya."

"Inna, wallahi wannan daban ne!"

"Haihuwa ta uku kike mini rakin 'yar fari? Juyo bayan."

Kafin azahar bayan Talatu ya yi bororo daga kafaɗa zuwa ƙugu. Ya'u ya nemo mota ya kai ta asibiti. Ta warke, tabo ya zauna. Ba wanda ya ce wa Hansai komai a fuska. Da aka sake haihuwa a unguwar, wata aka aika wa. Da aka ƙara, haka.

Barakatu, autar Hansai, tana aure a Indabo, gidan Gwadabe. Cikinta na fari ne, kuma da ya tsufa aka kawo ta gida goyon ciki kamar yadda ake yi. Amma da saƙo aka kawo ta. Surukarta Hajiya Mairo ta ce a gaida Hansai da kyau, a kuma gaya mata haihuwa dai a Wudil za a yi, wanka kuwa ranar da aka haihu za ta zo da mota ta ɗauki yarinya, a yi shi a Indabo. Ba ta faɗi dalili ba. Ba a tambaye ta ba.

Hansai ta ji saƙon, ta ce to. Ta wanke rabin matan unguwar nan, wasu har da 'ya'yansu, ga shi tata 'yar za a ɗauke a kai ƙauye a wanke. Ta koma gindin turmi ta ci gaba da dakanta.

Ranar wata Lahadi Isyaku ya zo. Ɗan wanta ne. Ya yi karatu a Ingila ya dawo, yana aiki a sashen gashin ƙashi na wani babban asibiti a birni. Ya ajiye 'yar motarsa Basuwaja a ƙofar gida ya shigo da gwangwanin madara da kwalin sukari. Ya durƙusa.

"Gwaggo, barka da hantsi."

"Isyaku ne? Lale. Yaya hanya?"

"Lafiya lau."

"Yaya mutan birni? Yaya iyalin? Yaya aiki?"

"Da godiya. Yaya ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi."

Barakatu ta leƙo daga ɗaki. Ita da Isyaku taubasai ne, ba sa haɗuwa ba su taɓa ba.

"A'a, mai tausa ne ya zo? Shekara da shekaru a ƙasar Turawa, aka dawo mana da tausa. Da ka zauna a nan Inna ta koya maka kyauta."

"Ke kuma wa ya ɗora miki tulu a gaba? Gwadabe ba shi da jaki ne?"

"Allah ya isa tsakanina da kai."

Ya miƙa wa Hansai gwangwanin. Ta karɓa da hannun dama, ya zame ya faɗi ya gangara ƙarƙashin rumfa. Ta ce hannunta da danshi. Isyaku ya dubi hannun. A bushe yake.

"Kullum haka take yi," in ji Barakatu. "Jiya ludayi, shekaranjiya kwanon miya. Da asuba kuma ka ga tana yarfe hannu kamar mai korar ƙuda."

"Auta, wa ya tambaye ki?"

"Gwaggo, kawo hannun in gani."

Ta ba shi don kada a ce ta ƙi. Ya jera tafukan biyu a kan gwiwarsa. Tudun naman da ke gindin babban yatsa na dama ya faɗa, na hagu yana nan. Ya ƙwanƙwasa tsakiyar wuyan hannun da ɗan yatsa, ta zabura ta ce wani abu ya harbe ta har kan yatsu. Ya sa ta haɗa bayan hannuwanta biyu a gaban ƙirji, yatsu suna kallon ƙasa. Ba a jima ba ta sake su.

"Ga abin nan ya taso. Kamar kiyashi na yawo."

"A waɗanne yatsun?"

Ta nuna babba, da manuni, da na tsakiya.

"Ƙaramin fa?"

"Shi ba ruwansa."

"Gwaggo, ba sanyi ba ne. A wuyan hannu akwai wata 'yar matsattsiyar hanya, ƙashi a ƙasa, tantani mai tauri a sama. Jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu ta nan suke wucewa, tare da wadda ke kawo wa yatsun nan uku ji. In wurin ya kumbura, ita ake dannewa. Kin ga gada ranar kasuwar Juma'a, in garken shanu ya haɗu da motar siminti? Mai keke ne ke shan matsa."

"To me ya kumbura shi?"

"Taɓarya. Dutsen niƙa. Matsar wanki. Shekara nawa kina yi?"

"Kowace mace tana yi."

"Ba kowace ce ke kamuwa ba. Ke kin kamu."

Akwai ruwa a kan murhu. Ya ce ta haɗa masa kamar na mai jego. Ta dube shi, ta dubi Barakatu, ta gane labarin Talatu ya kai birni. Ta tashi ta juye ruwan a kwatarniya, ta sirka, ta tsoma yatsunta uku, ta ƙara na sanyi kaɗan, ta sake tsomawa.

"Ya yi."

"Sa ƙaramin."

Ta sa. Ta fizge hannun da sauri har ruwa ya fantsama a zaninta. Ta tsaya tana kallon yatsan, ya yi ja. Ta sake tsoma ukun, ta bar su. Ta cire.

"Irin wannan na zuba wa Talatu?"

"Ko wanda ya fi shi."

Ta zauna a kan turmin da aka kwantar. Can ta ce, "Yana warkewa?"

"Na hagu zai dawo in kin yi abin da na ce. Na dama ya daɗe, nama ya fara faɗawa. Zugin zai ragu, ji kuma wataƙila ya dawo kaɗan. In ana son ya buɗe sosai, sai likita ya tsaga tantanin."

"Ba mai tsaga ni Auta tana da tsohon ciki. Faɗi sauran."

Ya ce gashi, safe da yamma, a ruwan ɗumi. Fuskarta ta ɗan saki.

"Gashi ai aikina ne."

"Ba ke za ki haɗa ruwan ba. Barakatu ce. Ɗumin da za a iya wanke jariri a ciki, kada ya wuce haka."

"Wannan ai ruwan alwala ne."

"Shi nake so."

Bayan gashi, motsa yatsu. Ya nuna mata: ta miƙe su sambal, ta lanƙwasa kawunansu kamar ƙugiya, ta dunƙule, ta buɗe. Ta taɓa kan kowane yatsa da babban. Ta miƙa hannu tafi yana kallon sama, ta ja babban yatsa baya a hankali, in zugi ya taso ta tsaya. Barakatu ta ce kamar mai kiran kaji. Isyaku ya ce ita ma ta koya, don ita za ta tsare ta.

Ya fita wurin mota ya dawo da ɓallin katakon akwatin shayi. Ya yanka biyu daidai tsawon da yake so, ya naɗe su da auduga, ya ɗaura mata da bandeji daga tafi zuwa tsakiyar damtse, wuyan hannu a miƙe. Da su za ta riƙa kwana, don in mutum yana barci hannu yakan lanƙwashe ya ƙara toshe hanyar.

"Ɗori ba karaya," in ji Hansai. "Yau na ga ilimi."

"Saura ɗaya. Ba daka, ba niƙa, ba matsar kaya. An kafa inji a bakin kasuwa, a kai hatsi can."

"Tuwon inji warin ƙarfe yake yi."

"Ki ci da warin."

Ta ci da warin. Katakon ma ta ɗaura, kuma shi ya fara nuna aiki, don ba a daɗe ba ta fara kaiwa kiran salla ba hannu ya tashe ta ba. Ruwan ne ta kasa yarda da shi. Tun tana yarinya ta san magani da zafi yake shiga, abin da bai sa mutum ya cije leɓe ba wasa ne. In Barakatu ta haɗa ruwan ta shiga ɗaki, sai Hansai ta jawo butar da ke kan murhu ta ƙara.

Zuwan Isyaku na gaba ya tarar da bororo a kan manuni da na tsakiya na hannun dama. Ba ta ma san lokacin da suka tashi ba.

"Wa ya haɗa ruwan?"

"Ni na haɗa," in ji Barakatu, "wata ta gyara."

"Munafuka," in ji Hansai.

Bai yi faɗa ba. Ya wanke wurin ya rufe.

"Gwaggo, zafi ba ya buɗe hanyar nan. Ko a wuta kika sa hannun ba zai buɗe ta ba. Ɗumi yana sassauta nama ne, zugi ya lafa, yatsu su yarda su motsa. Motsin da hutun su ne aikin. Yanzu ba gashi a wannan hannun sai ƙunar ta warke. Kin ja wa kanki baya, ita kuma wannan ba jiranki za ta yi ba."

Ya nuna cikin Barakatu da haɓa.

Da ƙunar ta warke ya ɗauke ta a mota zuwa birni. Ɗakin da yake aiki dogo ne, da gadaje da labule, da wasu ƙarafa da igiyoyi a bango. A kusurwa akwai tukunyar ƙarfe mai aiki da lantarki, cike da narkakken kaki irin na kyandir. Wata malamar asibiti ta ciro wani tsinken gilashi daga ciki, ta ɗaga shi ta duba, ta mayar, ta jira, ta sake dubawa. Sannan ta kama hannun Hansai ta tsoma ta cire, ta tsoma ta cire, har kakin ya yi masa farar riga. Ta naɗe shi da takarda da tawul. Ɗumin ya ratsa har gwiwar hannu, ya zauna, bai ciji ko'ina ba. Da aka ɓare kakin, yatsun suka lanƙwashe ba gardama.

A hanyar dawowa, da suka yi rabi, Hansai ta juyo wurin Isyaku.

"Tsinken nan na mene ne?"

"Zafi yake aunawa."

"Ita yarinyar hannunta lafiya lau?"

"Lafiya lau."

"Amma ba ta yarda da shi ba."

"Ba a yarda da hannun kowa a ɗakin nan. Har nawa."

Daga ranar ba ta ƙara taɓa butar ba. Safe da yamma tana zama bakin baho, hannuwa a ruwan da ta kira na alwala, Barakatu tana gefe tana ba da umarni.

"Ƙugiya, Inna. Na ce ƙugiya, ba dambe ba."

"Ki haihu dai. Ina jiranki."

Wata yamma ta yafa mayafi ta shiga gidan Ya'u. Talatu tana tankaɗe, ta tashi ta shimfiɗa mata tabarma. Suka gaisa, aka tambayi yaro, aka tambayi maigida. Hansai ba ta zauna sosai ba.

"Na zo in gaya miki, ranar da kika ce ya yi zafi, gaskiya kika faɗa."

"Ai na sani, Inna. A bayana yake."

"Yatsun ne suka mutu ban sani ba. Ki yafe ni."

Talatu ta ci gaba da buga rariya na ɗan lokaci.

"Na yafe. Amma na rantse miki har sau biyu."

"Kin rantse."

"To shi ke nan. In Barakatu ta sauka a aiko, ni zan ɗebo ruwa."

Watan haihuwa ya kama. Isyaku ya zo ya sa Hansai ta rufe ido. Ya shafa mata auduga a kan yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya sa ƙwayar gero a tafinta ya ce ta tsince. Da hagu ta ji komai, ta tsince geron. Da dama ta ji audugar a yatsan tsakiya, a manuni ta ce kamar ta bayan zani, a babban ba ta ji ba. Geron ya gagare ta.

"Zugi fa?"

"Ya tafi, sai jefi-jefi."

"To an samu abin da za a samu ba wuƙa."

Ta buɗe ido.

"Isyaku, ka bi ta Indabo. Ka gaya wa Hajiya Mairo hannu ya warke. Kai za ta ji maganarka, kai ne na asibiti."

"Bai warke ba."

"Hagu ya warke."

"Da hagu kike auna ruwa?"

Ba da hagu take aunawa ba. Ba wadda ke haɗa wa mai jego ruwa da hagu.

"Ni na yi wa uwarka wanka ranar da aka haife ka."

"Na sani, Gwaggo. Ba zan ce ya warke ba. In kina so in je in gaya mata abin da ya dawo da abin da bai dawo ba, sai in je."

"Bar shi. Wannan ni ma ina da baki."

"Ki riƙa aunawa da gwiwar hannu. Haka ake yi a asibiti."

"Ni ba malamar asibiti ba ce, da zan tsaya ina dungura gwiwa a kwatarniya mata suna kallo."

"To ƙaramin yatsa. Jijiyarsa daban ce, ba ta bin ta hanyar nan. Shi bai taɓa yi miki ƙarya ba, ba ki tambaye shi ba ne."

Da ya tashi tafiya ta ce, "Bayan arba'in ka zo ka kai ni a tsaga abin da za a tsaga."

Barakatu ta haihu ranar wata Laraba da hantsi, namiji. Aka aika Indabo. Kafin la'asar akori-kura ta tsaya a ƙofar gida, Hajiya Mairo ta sauko. Bara ta sauke farali, haƙorin Makka yana walƙiya in ta yi magana. Ta ce wa direba kada ya yi nisa.

Aka yi barka, aka ga jariri, aka ce hancin Gwadabe ne. Mata sun cika tsakar gida. A bayan ɗaki tukunya tana tafasa, Talatu tana tura itace. Hajiya Mairo ta ga hayaƙin.

"Yaya Hansai, da ba ku wahalar da kanku ba. Na bar tukunya a kan wuta a can."

"Hajiya, yarinyar da ta haihu ɗazu za a ɗora a bayan akori-kura, a wannan hanyar taku?"

"A gaba za ta zauna." Ta gyara mayafi. "Ba raini ba ne, Yaya. Ɗa nawa ne, 'ya taki ce. Amma mun ji abin da muka ji."

"Abin da kuka ji gaskiya ne. Ga wadda na ƙona can tana hura wuta."

Talatu ta ɗago hannu ba ta juyo ba.

"An ce ɗan wanku na asibiti yana yi miki magani. Hannun ya warke?"

Hansai ta ɗaga hannun dama ta ware yatsun.

"Wannan ya dawo. Wannan rabi. Wannan babban bai dawo ba. Yanzu in na sa su a ruwa, ban san abin da suke gaya mini ba."

"To kin gani."

"Zo ki tsaya a kaina. In kin ga abin da bai yi miki ba, ga motarki a waje."

Hajiya Mairo ba ta so ba, amma a gaban mutane aka faɗa. Ta bi ta bayan ɗaki. Aka fito da Barakatu tana takawa a hankali, aka zaunar da ita a kujerar tsuguno. Talatu ta juye tafasasshen ruwa a kwatarniya, tururi ya rufe su. Ta ɗauko bokitin na sanyi ta tsaya.

"Zuba," in ji Hansai.

Ta zuba. Hansai ta naɗe yatsu huɗu cikin tafi, ta miƙe ƙaramin shi kaɗai, ta tsoma. Ta cire.

"Ƙara."

Wata tsohuwa daga bakin zana ta yi dariya. "Hansai, miya kike ɗanɗanawa?"

"Ƙara," in ji Hansai.

Talatu ta ƙara. Sai da aka ƙara sau da yawa, fiye da yadda aka taɓa gani a wankan Hansai, sannan ta bar yatsan a ciki ta ɗan jima, ta ce ya yi.

"Haba Yaya," in ji Hajiya Mairo. "Daga wannan sai wancan? Kin kashe ruwan. Wannan ai sanyi zai sa mata, ta kumbura mana."

"Sa hannunki."

Hajiya Mairo ta ture awarwaronta sama ta tsoma hannu har wuya. Ta fizge shi tana yarfewa.

"Kai! Da sauransa."

"Da sauransa," in ji Talatu. "Ni da za a ba ni irin wannan ai da na gode."

Hansai ta ɗauki damin runhu. Ta riƙe shi da hannu biyu, hagu yana taimakon dama, wuyan hannu a miƙe kamar yadda aka nuna mata. Ta tsoma, ta ɗaga, ta yi bisimilla, ta fyaɗa a bayan 'yarta.

Barakatu ta ƙwalla ƙara. "Wayyo Inna! Zafi!"

Hansai ta tsaya, ganyen yana ɗiga. Matan da ke bakin zana suka dubi juna, don ba su taɓa ganin an tsaya saboda ihun mai jego ba. Ta sake tsoma ƙaramin yatsa a kwatarniya. Ta sunkuya ta duba fatar bayan. Sannan ta zagayo ta gaba ta dubi fuskar Barakatu.

"Auta, gaya mini gaskiya. Zafi ne, ko raki?"

Barakatu tana haki, hawaye da gumi sun haɗu. Ta ɗan yi tunani.

"Raki ne, Inna."

"To juyo bayan."

Hajiya Mairo ta tsaya har aka yi rabi. Daga nan ta fita zaure, aka ji tana ce wa direba ya sauke buhun gero da itacen da ke bayan motar, ya koma, ya gaya musu a sauke tukunyar can.